Rabin Labarin Wancan

Jiya 'yar ƙanwata Rumaisa ta kwaso mini ƙawayenta, wai sun kafa ƙungiyar marubuta a nan Gumel, suna so in ba su labarin yadda na fara. Ko zama ban gama gyarawa ba wata mai gilashi a cikinsu ta ce, "Gwaggo, ai rubutu a intanet ba wuya. Dannawa kawai za ki yi ya tafi." Na dube ta sama da ƙasa. Yarinyar da da babban yatsa ɗaya take rubutu kamar mai dangwala ƙuri'a, ita ce za ta gaya mini sauƙin sana'ar da ta kusa raba wani bawan Allah da matar da yake so. Na ce su shanye zoɓonsu su tafi, zan rubuto musu amsa, don ni in na fara bayani da baki faɗa yake komawa. To ga amsar. Ku karanta har ƙarshe, kada ku yi mini irin karatun nan naku na layi biyu a tura gaba.

Aikin farko da na buga takardar jarrabawa ce. Ina koyar da Hausa a makarantar 'yan mata, sai aka ce kowace malama ta kawo tambayoyinta a buge, an daina karɓar rubutun hannu. A lokacin ƙanin maigidana, Habu, ya buɗe kafe a bakin tasha, wato shagon da ake biya a hau intanet. Kwamfutoci ne masu ƙaton ƙeya, da fanka mai kuka, da janareto a waje an ɗaure shi da sarƙa kamar ana tsoron ya gudu. Kun dai san tsakanin mace da ƙanin miji, ba a rabuwa da tsiya. Ina shiga ya ce, "Matarmu, waɗannan yatsun na tuƙin tuwo ne. Ki rufa mini asiri kada ki ɓalle mini madannai." Na ce zan koya ko don in ga ranar da bakinsa zai mutu. Shi ya koya mini, kuma da mugunta ya koya mini. Sai ya zaro ɗankwalin da na ajiye a jaka ya lulluɓe mini hannuwa, ya ce in buga ba tare da na ga haruffa ba. In na yi kuskure ya karanta shi da ƙarfi, duk samarin da ke shagon su ji. Ban bar zuwa ba sai da na fi shi sauri.

Wata Asabar ya kira ni ya nuna mini shafin wani mutum a can wata ƙasa. Ba labarin gwamnati ba ne, ba wa'azi ba, mutumin kawai yana ba da labarin abin da ya ci da safe da yadda ya yi faɗa da maƙwabcinsa a kan katanga. Habu ya ce bulog ake ce masa. Na ce, "Kuma akwai masu zama su karanta wannan?" Ya ce da yawa. Na ce to wallahi in dai surutun tsakar gida ne, ban ga wanda zai kere mini ba. A ranar ya buɗe mini nawa. Na sa masa suna Tsakar Gida, ni kuma na sa hannu da Matar Malam.

Ku da kuke ganin dannawa ce, ga yadda rubutu ɗaya yake fita. Zan rubuta shi da biro tsakanin la'asar da magariba, ina yi ina leƙa tukunya. Asabar da hantsi in yafa mayafi in tafi kafe kafin samari su cika wurin da warin sigari. In buga, in buga, ina dab da gamawa janareto ya yi tari ya mutu, komai ya tafi, in sake daga farko. Sai da na yi kuka na gaske sau ɗaya kafin na koyi adana abu a fulash, ɗan ma'ajin da ake soka wa kwamfuta, na rataye shi a wuya tare da makullin akwati. Hoto kuwa, in kika sa shi ya hau, kina iya komawa gida ki ɗora wake ki dawo bai gama ba. Ga kibod ɗin, wato allon madannai, ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa, dole ki bi kowanne ki maƙala masa alama. Duk wannan, kuma ba ki san ko akwai mai karantawa ba.

Ashe akwai. 'Yan ƙasar nan da neman abinci ya watsa su ne suka fara samo ni: ɗalibai a Sudan, direbobi a Legas, wata ma'aikaciyar jinya a Jidda. Ba hikimata suke nema ba. Tambayarsu kullum ita ce an yi ruwa, gero ya yi kai, har yanzu tsohuwar nan tana tuya a ƙofar makaranta? A gida kuma Habu yakan fitar da rubutun a takarda ya manna a ƙofar shago, mai shayin tasha ya cire ya kai teburinsa a karanta wa waɗanda ba su iya ba. Amma babban kwastomana shi ne Alhaji Ilu. Mutumin Maigatari ne, asalinsu Damagaram, yana dillancin motoci a Kwatano. Ban taɓa ganinsa ba a lokacin. Rubutu bai taɓa fita ba sai na tarar da shi a ƙasa ya riga kowa sharhi, ya yi dariya, ya gyara mini sunan unguwa, ya ce mota kamiyo, ya ce makaranta lakwal. Ya taɓa rubuta cewa shi in Matar Malam ta ce an yi ruwa a Gumel, to ko daga bakin teku zai iya aikawa a yi shuka.

Yanzu sai ku nutsu, don a nan sana'ar take. Duk mai rubuta rayuwarsa, mutanen gidansa ne jarinsa. Na rubuta maigidana Malam da yadda yake ɓoye goro a cikin hula. Na rubuta 'yan matana da ƙananan mazan da sunayensu. Na rubuta kaji. Saura mutum ɗaya, ɗan fari. Ku yaran yanzu kuna ɗora hoton na farinku tun ranar suna kuna rubuta masa kirari, mu ba haka muka tashi ba. Ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Ana yaye shi kakarsa Inna Kande, mahaifiyar Malam, ta ɗauke shi zuwa Sule Tankarkar, a can ya girma, bai dawo gabana ba sai da zai shiga sakandare. Ita yake kira Inna. Ni Malama yake ce mini, kamar ɗalibaina. In ina son ya yi abu, sai in dubi ƙanwarsa in ce, "Ki ce wa wancan ya ɗebo ruwa," alhali yana tsaye a gabana.

To yaya zan yi da shi a shafi? Sunansa ba zai fito daga hannuna ba, yabo kuma ya haramta. Abin da al'ada ba ta hana ni ba shi ne tsiya. Sai na sa masa Wancan, na fara ba da labarin shirmensa.

Na farko labarin akuya ne. Na aike shi kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya sayar mini da jar akuyata. Da magariba sai ga shi ya shigo yana jan ita wannan akuyar, a kansa kuma damin harawa da ya sayo mata. An aika mutum ya sayar, ya dawo ya yi wa haja cefane. A nan na tsaya, na sa aya. Washegari sharhi ya cika, ɗaliban Sudan suka ce sun yi dariya har mai kafe ya kore su. Na biyu na babur ne. Yana koyon tuƙi a layinmu ya saki hanya ya faɗa rumbun Malam Tanko maƙwabcinmu, ƙafafu a waje, gero yana zuba masa a ƙeya, babur yana ta kuka shi kaɗai a gefe. Na uku shi ne ya zagaya duniya. Ya fara bin wani ɗan kasuwa yana koyon sayen hatsi da riɗi a Gagarawa. Suka loda gero a babbar mota a Gagarawa Tasha, ya haye kan buhuna wai ya ɗan huta, barci ya kwashe shi. Bai farka ba sai bayan an tsallaka iyaka, jandarma yana zungurinsa da sanda yana tambayar takarda da Faransanci. Ya buɗe ido ya ce, "Na'am, Inna?" Alhaji Ilu ya rubuta cewa ya karanta wa duk 'yan kasuwarsu wannan, har an sa wa wani yaron shago Na'am Inna.

Na ƙara gishiri? Kaɗan. Amma ƙarya ban yi ba. Abin da na ƙware a kai shi ne sanin inda ake yanke labari. Kowane abu da ya faru yana da tsawo, mai rubutu ne yake zaɓar inda zai sa wuƙa. Ni kuwa daidai inda dariya ta fi kauri nake sawa, in bar ragowar a gida. Shekaru muka yi a haka. In na yi mako biyu ban taɓo shi ba, sai a fara tambaya, "Hajiya, ina Wancan? Ko ya yi hankali ne?" Shi kuma bai taɓa ce mini uffan ba. Na ɗauka ma bai san ana yi ba, tunda ban taɓa ganinsa a shagon Habu ba.

Muguwar shekara ta zo da abubuwa biyu a haɗe. Na farko, waya ta cinye kafe. Kowa ya sami intanet a aljihu, samari suka daina zuwa, Habu ya sayar da kwamfutocin ya koma cajin waya da sayar da kati. Ya bar mini wata tsohuwar ta hannu mai batir kamar numfashin tsoho, da modem, wani ɗan abu kamar yatsa da ake soka mata ta kamo sabis. Masu karatu suka ragu, aka koma gajerun maganganu da hotuna. Wannan na iya haƙuri da shi. Na biyun ne ya hana ni cin abinci.

Wancan ya girma, ya buɗe sitonsa na hatsi a Gagarawa Tasha, ya ga yarinya a Maigatari, Zulai, malamar asibiti, ita ma ta gan shi. Mahaifinta ya ce shi ba shi da ta cewa, yayansa ne mai ba da aure, sai an kira shi a waya. Aka tura Habu cikin masu nema, don ya iya baki. Aka kira yayan, sai ga shi Alhaji Ilu ne na Kwatano. Habu da ya ji sunan sai farin ciki ya kama shi, ya ga abu ya zo da sauƙi. Ya karɓe wayar ya ce, "Alhaji, ai gida ne! Yaron nan ɗan Matar Malam ne, mai Tsakar Gida." Habu ya ce Alhaji ya yi kabbara, ya yi dariya, ya ce wannan ai ko sadaki a bari. Can sai ya ce, "Wanne daga ciki?" Habu ya ce babban. Nan take Alhaji ya daina dariya.

"Wancan?"

"E to, Alhaji, ai ka san rubutu..."

"Mai akuya? Na'am Inna?" Ya ce, "Malam Habu, ina ganin girmanku. Amma ba zan ɗauki 'yar ƙanena in ba mutumin da ake tsallaka iyaka da shi yana barci ba. Wata rana zai farka ya tarar an tsallaka da ita." Ya ƙara da cewa akwai ɗan abokinsa da ya yi magana, zai zo gida Babbar Sallah ya yanke hukunci.

Habu ya zo gida yana share gumi. Ya ce in goge duk labaran. Na ce in goge me, mutumin da ya haddace su kamar karatun allo? Malam ya gama cin goronsa, sannan ya ce, "Ke kika ɗaura, sai ki san yadda za ki kwance." Aka kai wa Inna Kande waya har Sule Tankarkar, ta yi wa Alhaji rantsuwa cewa ba ta taɓa riƙon yaro mai hankalin wannan ba. Ya saurare ta da ladabi, ya ce, "Inna, ke kaka ce, ko kura kika raina za ki ce tunkiya ce. Ni shaidar Matar Malam na yarda da ita. Matar nan ba ta taɓa ce mini an yi ruwa ba a yi ba."

Kun ga inda aka kai ni. Shaidata ce ta kashe maganar, shaidata kaɗai za ta tashe ta, ni kuwa bakina a ɗaure yake. In fito a gaban duniya in ce ɗan farina yaron kirki ne? Matan unguwarmu sai su yi ta nuna ni da baki har in mutu. Wancan ya zo gida ranar Juma'a ya gaida mahaifinsa, na hango shi ta labule, wuyansa ya fito, rigar ta yi masa yawa. Ya durƙusa daga ƙofar ɗaki ya ce, "Malama, ina wuni." Na ce lafiya, ban ɗago ba. Ya tashi ya fita. Tsoro ne ya kama ni, tsoron kada yaron nan ya rasa yarinyar saboda dariyar da na tara wa mutanen da ko saninsa ba su yi ba.

Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga. Duk jimlar da na fara sai ta koma yabo, in yage. Ina tsakar gida ina kallon awakina suna cin dusa, jajaye duka, sai na ga hanyar. Ba sai na yabe shi ba. Labaran da na yanke ne zan ƙarasa, ba ƙari, ba ragi. Ai ba wanda ya taɓa cewa haramun ne mace ta ƙarasa zancen da ta fara. Na sa masa suna Ragowa. Ga abin da ke ciki, a taƙaice.

Akuyar da ya dawo da ita, mahauci ne ya taya, har an kusa sallamawa. Wancan ya shafa ta ya ji tana da ciki, abin da duk gidan ba wanda ya lura, ni ma ban lura ba. Ya ce ba za a yanka ta ba, ya jawo ta. Tagwaye ta haifa, kuma duk awakin da ke gidana yau jikokinta ne. Rumbun Malam Tanko, 'yar Malam Tanko ce mai rarrafe ta fito daga zaure ta shiga gaban babur, ko ita ko rumbu, ya zaɓi rumbu. Da rani ya yanko kara ya sake saƙa shi da hannunsa, ba wanda ya sa shi. Barcin kan buhu kuwa, Inna Kande ce aka kwantar a asibitin Gumel, shi ya yi jinyarta bai runtsa ba. Ranar da aka sallame ta ya wuce Gagarawa kai tsaye don ya yi wa ubangidansa alkawarin lodi. Na rufe da cewa, "Ban ce yana da hankali ba, kada a ƙaga mini. Na dai ce ga ragowar abin da na rage muku."

Rubutu ya kammala, saura turawa, Sallah kuma ta matso. A makon ne iskar damina ta kayar da dogon ƙarfen sabis na wajenmu, garin ya koma kamar an toshe masa kunne. Muka shiga motar Habu muka nufi Maigatari. Can kuma da mun soka modem sai layin Nijar ya ƙwace, waya ta yi mana barka da zuwa da Faransanci alhali muna tsaye a ƙasarmu. Wani mai faci ya ce mu gwada Gagarawa Tasha, direbobi suna samu a wajen masu hatsi. Habu ya dube ni yana murmushin mugunta. Na ce ya ja mota ya rufe mini baki.

A ƙofar siton Wancan muka tsaya, rana ta take. Ya fito da ƙurar gero a gira, ya durƙusa ya gaida baffansa, ya gaishe ni daga nesa. Na zauna a kan buhu na buɗe kwamfuta, sabis sanda ɗaya, yana zuwa yana tafiya. Habu ya fito da doguwar waya ya jona wa modem. Na ce, "Ka ce wa wancan ya ɗaura abin nan a gora ya ɗaga sama." Ya ɗaura, ya haye bayan wata babbar mota da ake lodi, ya ɗaga gorar da hannu biyu.

"Ka ce masa ya yi dama."

"Yi dama."

"Ka ce masa ya daina rawa, ba biki muka zo ba."

Masu dako suka ajiye aiki suka kewaye mu. Wani ya tambaya ko farautar tsuntsu ake yi. Batir ya koma ja. Abin da ke nuna tafiyar saƙo yana jan ciki kamar hawainiya, ni kuwa ina ta salati a zuci. Na ɗaga kai sau ɗaya na gan shi tsaye cikin rana, gumi yana bin haɓarsa, bai sauke ba kuma bai tambayi dalili ba. Saƙo ya tafi, kwamfuta ta mutu a bayansa. Da ya sauko na ji yana tambayar Habu a hankali, "Baba Habu, me Malama take turawa haka da gaggawa?" Habu ya ce, "Tallan akuya."

Alhaji Ilu da yake riga kowa, wannan karon shiru ya yi. Wasu suka yi sharhi, wani direba a Legas ya ce na ɓata musu Wancan, yanzu in sun tuna dariyar sai su ji kunya. Kullum sai na aika a dubo mini, ba shi. Ana jibi Sallah Habu ya shigo da waya a hannu ko sallama bai ƙarasa ba, ya karanta mini: "Hajiya Matar Malam, ashe shekara da shekaru rabin buhu kike auna mana muna biyan cikakke. Allah ya isa dariyata. Na iso Maigatari. Ku turo manya bayan Sallah. Amma sharaɗi ɗaya, ki rubuta mana sunan yaron a nan kowa ya gani." Na ce wa Habu ya amsa masa: manya za su zo, suna kuma ya tambayi liman ranar ɗaurin aure.

Kada ku ɗauka na fita salin alin. Mai shayin tasha ya sa an karanta Ragowa a teburinsa, kafin la'asar ta shiga gidaje. Tsofaffin unguwa suka yi mini sallama ɗaya bayan ɗaya. Hajiya Sabuwa ta riƙe haɓa ta ce, "Yau na ga zamani. Mace ta tsaya gaban duniya tana wanke ɗan fari." Na ce ni ban wanke kowa ba, labarin akuya na bayar. Ta ce, "Akuyar gidanku." Har yau in mun haɗu a wajen biki sai ta tambaye ni lafiyar akuya. Wancan kuma ya fita daga shafi, don ba zan yi wa mijin wata tsiya a gaban surukansa ba. Da ya fita, rabin sauran masu karatuna suka bi shi.

Bayan biki da 'yan watanni Zulai ta zo wuni. Muna tsinke zogale sai na ce mata, cikin wasa, Allah ya sa dai mijinta bai taɓa ganin shirmen da na rubuta ba. Ta ajiye tsinken ta dube ni. Ta ce, "Umma, ai tun na akuya yake karantawa. Wani kafe yake zuwa a Maigatari ranar kasuwa, don kada Baba Habu ya gan shi ya gaya miki ki daina." Na ce to bai ji haushi ba? Ta ce abokansa sun sha tsokanarsa da Na'am Inna, abin da yake ce musu kullum shi ne, "Ku je ku ƙirga sau nawa ta rubuta ƙannena. Ni ko tari na yi a Gagarawa sai ya fito a Tsakar Gida. Duk cikinku wa uwarsa take kallo haka?"

Na miƙe na ce bari in duba wani abu a ɗaki. Na daɗe ina duba shi. Da na fito Zulai ta gama zogalen, ba ta tambaye ni abin da na je nema ba.

To ke mai gilashi, ga wayarki nan, danna ya tafi. Amma kafin ki danna, ki dubi inda kika sa wuƙa, ki tuna wanda kika yanka yana da baffan budurwa a wani gari yana karantawa. Na san kuma abin da ke cin ku tun ɗazu, Rumaisa ma ta kasa haƙuri ta aiko tana tambaya ko wannan karon zan rubuta sunansa. Ku je Gagarawa ku tambayi matarsa. Ita ma ba za ta faɗa muku ba.